Gudun Asabar: hilin da ba a takawa, shi ake yankawa



Muna da shawara guda da muke son ajewa gabanku, kuma mun san wasu za su yi dariya. Shawarar ita ce mu riƙa haɗuwa kowace Asabar bayan sallar asuba, mu yi gudu ko tahiya ta kilomita 5 tare, kyauta, babu kuɗɗin shiga, babu kyautar na ɗaya. Ku yi dariyarku, amma ku karanta har ƙasa, don zancen ya shahi lahiyarmu, ya kuma shahi hilayen garuruwanmu da ke ƙarewa muna kallo.

Ga inda abin ya samo asali. Ran 2 ga Oktoba 2004, a wani hilin shan iska na birnin Landan mai suna Bushy Park, wani mutum da ake kira Paul Sinton-Hewitt ya tara mutum 13 suka yi gudun kilomita 5. Shi kanshi bai yi gudun ba, don yana jinyar rauni, agogo kawai ya riƙa musu. Asabar ta zagayo suka sake. Daga nan aka samu abin da ake ce ma parkrun, wanda yau ake yi a ƙasashe sama da 20. Afirka ta Kudu ta soma nata a 2011 a Johannesburg. Ƙa'idar ba ta da wuya: rana guda, lokaci guda, wuri guda, kowane sati. Ba a biyan ko dala. Masu tsaida lokaci da masu nuna hanya duk ƴan sa kai ne. Akwai ma wanda aikinshi kawai ya tsaya bayan kowa, don kada wani ya ji kunyar cewa shi ne na ƙarshe. Tun 2018 ƙungiyar likitocin unguwa ta Ingila ta shiga ciki, har likita kan ce ma marar lahiya ya je gudun Asabar.

Mun san abin da za a ce: "Kai malam, mu da ke neman na tuwo, ina mu ina gudu? Wanga aikin ƙoshi ne." Akwai gaskiya cikin maganar. Manomin Kanambakashe ko na Urafan da ke wuni duƙe cikin gona bai bukatar kowa ya koya mishi motsa jiki. Haka matar da ke daka da sahe, ta ja guga, ta ɗauko itace a kai. In aka ce musu su zo gudu don lahiya, an raina musu wayo. Abin da suke bukata abinci ne da hutu.

To amma mu dubi cikin gari. Ma'aikacin da ke zaune biro tun sahe. Ɗan kasuwar da ke wuni kan benci bakin shago. Ɗan kabu-kabun da ƙafarshi ba ta taka ƙasa sai zai yi salla. Matasan da ke fada tun hantsi har tsakad dare, shayi na ɗaya, na biyu, na ukku, sukari kamar ba gobe. Yau ko masallacin Juma'a za mu, sai mun hau moto. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane sati, yaro kuma minti 60 kowace rana. Tahiyar kilomita 5 da ɗan sauri tana cin kusan awa guda, kun ga an rage sama da kashi ɗaya cikin ukku tun rana ba ta yi zahi ba. Hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo, ba ya sallama in zai shigo. Mutum na yawo lahiya lau, sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Daga nan sai sayen magani kowane wata har ƙarshen rai, sai ɗaukar mota zuwa Maraɗi ko Yamai, sai saida akuya, sai saida gona. Wa bai san gidan da wanga abu ya shiga ba?

Yanzu ga babbar maganar. In mun ce mu yi gudun, ina za mu yi shi? Ba mu da lambun shan iska irin na Landan. Abin da gare mu shi ne hilin ƙwallo, hilin kokowa, hilin idi, harabar lekol, bakin tabki, sai kuma inuwar goruba ta Gulbin Kaba ga mutanen Mayahi. Waɗannan su ne namu, kuma ba ƙaruwa suke ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka sai mu ninka. Kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Gari na faɗi, gonakin bakin gari na zama parsel, yara na yawa, wurin wasansu na tsukewa.

Duk wanda ya taɓa ganin taswirar lotisma ya san ana ware wurare: nan lekol, nan likita, nan kasuwa, nan hilin jama'a. A takarda abin gwanin kyau. Amma a garuruwan ƙasar ga da yawa, bayan ƴan shekaru sai ka ga an jibge bulo a wurin, an ja katanga, ka tambaya a ce ai tuni yana da mai shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗɗin shiga na komin kaɗan ne, haraji bai shigowa yadda ya kamata, saida hili kuwa shi ne kuɗɗi mai sauri. Ko Yamai ba ta tsira ba: dajin da aka soma dasawa kewaye da birnin tun 1965 don ya tare iska da ƙura, kowa ya san yadda gine-gine suka ci shi. In haka ta faru gaban idon ministoci, ina ga garin da ke nesa da su da ɗaruruwan kilomita?

Hilin da babu kowa cikinshi ba shi da mai kare shi. Wanda ya zo da mita da ƙarhen shaida da tsakar rana bai tarar da kowa sai awaki. Amma hilin da mutum ɗari ke takawa kowace Asabar, da malamin lekol, da tela, da ungozoma, da ɗan Alhaji, da almajiri, yana da shaidu ɗari. Ranar da aka kafa dutsen farko cikinshi, kahin azahar gari ya ɗauka. A 2016 wata ƙaramar hukuma kusa da birnin Bristol na Ingila ta ce sai an biya kahin a yi gudun Asabar a hilin Little Stoke. Dubban mutane suka sa hannu kan takardar ƙin yarda. Gudun wurin ya tsaya, amma hayaniyar ta kai har gwamnati ta hito a 2017 da shawarar hana ƙananan hukumomi karɓar kuɗɗi kan irin wanga gudu. A Kigali ta Ruwanda kuwa, tun 2016 hukuma da kanta ke ruhe wasu manyan hanyoyi ga motoci da sahiyar Lahadi, jama'a su hito su yi gudu, a auna musu jini kyauta.

Kada wani ya ce muna kwaikwayon Nasara. Jihar Maraɗi ce ta ba Nijar sarkin kokowa na farko, Yakuba Kantu, da ya ɗau takobi a Tawa a 1975. Mun tashi da langa da tsere a dandali. Iyayenmu sun yi samariya zamanin Kunce, sun san abin da ake nuhi da gayya. Kuma malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Abin da ya canza shi ne mun koma ƴan kallo: mutum biyu na kokowa, dubu na zaune. Gudun Asabar kowa ɗan wasa ne.

Amma akwai sharuɗɗa, in ba haka ba abin mutuwa zai yi cikin wata ukku.

Na ɗaya, kada ya zama porje. Ranar da aka soma raba perdiyam da riguna, ranar aka haƙa kabarinshi, don kuɗɗin na ƙarewa kowa zai koma gida. Agogon waya, littahi da biro, jarka biyu ta ruwa, sun isa.

Na biyu, babu hoton kowa, babu tutar kowa. Mai kuɗɗi ko mai mulki in yana so ya zo, marhabin, ya shiga layi kamar kowa.

Na ukku, mata. In aka bar su baya an bar rabin gari, kuma su ma tansiyo da ciwon sukari ba su ƙyale su ba. A ware musu ayarinsu na tahiya, da suturarsu ta mutunci, da mata masu jagorantarsu. A je a gaida sarki da limamai a yi musu bayani tun kahin a soma. Matashin da ya zo don kallon matan mutane, a maida shi gida.

Na huɗu, a yi aiki da hankali. Watan Afirilu da Mayu zahi na wuce digiri 40, don haka ƙarhe bakwai ta yi an watse. Da azumi a maida shi tahiya ko a dakata. Da damana wanda ke da gona ya tahi gonarshi. A nisanci kwalta, musamman babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da manyan motoci ke bi. Wanda ke da ciwon zuciya ko ya manyanta ya tambayi likita, ya soma da tahiya. Asabar ta dace da mu, tunda kasuwar Tasawa Lahadi take ci, ta Mayahi kuma Litinin.

Na biyar, a sanar da hukuma a rubuce. Halin tsaron da ake ciki bai bari a tara jama'a a ɓoye, kuma mu ma ba mu da abin ɓoyo.

Ga masu riƙe da ma'aikatun magajin gari kuma, muna da buƙata ukku. Tun watan Afirilun 2024 da aka rushe majalisun komin, babu konseye da talaka zai tsaida bakin hanya ya tambaya, saboda haka nauyin bayani ya ƙaru a kanku. Ku manna taswirar lotisma a bangon ma'aikata, kowa ya ga wuraren da aka ware ma jama'a da girmansu. Ku ba da hili ko hanya guda a rubuce don gudun Asabar, kyauta. Sannan ran 3 ga Ogusta, itacen da ake dasawa a ɗauki hoto a manta, a dasa shi bakin wannan hanyar, masu gudu su ɗau nauyin ban ruwa. Babu ɗaya cikin ukkun da ke cin miliyan.

Mu kuma jama'a kada mu jira sai an kira mu. Waɗancan da mutum 13 suka soma. Fada guda a Tasawa ta hi haka yawa, haka ma a Mayahi. Ku auna hanya da moto, ku tsaida wuri, ku gaya ma maƙwabta. Asabar ta farko ƙila ku bakwai ne, mutane na leƙe suna cewa mi ya koro waɗannan. Ku dawo ta biyu, ku dawo ta goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lahiya da zama lahiya, ya sa mu bar ma ɗiyanmu wurin da za su miƙe ƙafa. Amin.