Sanyin Gaban Mota Bai Kai Ga Yaron Da Ke Baya Ba

Ga bazara ta ƙarato, lokacin da ake lodin tumaki da raƙuma daga Nijar zuwa kasuwar Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, don haka muna da magana da masu motoci da masu dukiya.

Mu da ke zaune a Tazruk, cikin duwatsun Hoggar, Allah Ya yi mana rangwame, domin garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,800, kuma da dare har sai an nemi mayafi. To, amma dabba ba ta isowa nan sai ta ratsa Arlit da Asamaka da Ingizam, inda ƙasa ta yi kwari, rana kuma take dukan mutum ba sassauci. Daga Ingizam zuwa Tamanraset kaɗai wajen kilomita 400 ne. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya. Wannan fa ba ma a tsakiyar bazara ba ne.

Abin da ke damunmu shi ne, tun da aka samu motoci masu iyakwandishan, direba da mai dukiya sai su rufe gilashi su tashi da rana tsaka, alhali yaron da ke tsaron dabbobi yana can baya bisa ƙarfe mai ƙuna. Wanda ke shan sanyi shi ke yanke lokacin tafiya, wanda rana ke duka ba a tambayarsa. Mu a ƙungiyance mun ce wannan ba adalci ba ne. A yi lodi da la'asar, a yi tafiyar dare da asuba, daga hantsi a nemi inuwa. Kada a cunkusa dabbobi, kada kuma mota ta shiga hamada ita kaɗai.

Masu motoci za su ce tsayawa asarar lokaci ce. Shin da rasa wuni ɗaya da zubar da mushen raguna a hanya, wanne ya fi tsada? Ran ɗan mutane kuwa ba shi da farashi.

Ita kanta na'urar tana ƙara wa inji nauyi. A riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ta a gaban lagireto, a duba fambel, a kashe ta a wurin hawa ko cikin rairayi idan allurar zafi ta fara tashi. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ruwan inji daban, ruwan sha daban, kuma a ɗauki na kwanakin da ba a yi niyya ba.

Idan yaro ya fara jiri ko sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. In yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa a ba shi kaɗan-kaɗan. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Muna kira ga sarakunan tasha da dillalai da su hana tashin duk motar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. Iyaye kuma ku tambaya kafin ku ba da 'ya'yanku rakiya. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.