Wa Ke Buƙatar Horo a Hajj Abdalla, Lebura ko Mai Masana'anta?

Tun da sojoji suka sake karɓe Wad Madani daga hannun dakarun RSF a ranar 11 ga Janairun 2025 ake ta cika mana kunne da batun sake gina ƙasa, kuma a cikin batun akwai wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wai masana'antun da za a tayar na zamani ne, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, don haka dole a shirya ma'aikata, a ba su horo, a wayar musu da kai, kada zamani ya tafi ya bar su. Gwamnatin Kamil Idris har ma'aikata guda ta ware wa harkar dijital da sadarwa. Masu jawabi kuma ba sa sauka daga mumbari sai sun rantse cewa mutum ne zai kasance a gaba, na'ura tana biye. To madalla. Ni ɗan Hajj Abdalla ne, tambayata guda ce: a shekara ɗari da aka yi ana noman auduga da gurzarta da kaɗinta a Jazira, yaushe lebura ya taɓa kasa koyon aiki? A nuna mini masana'anta ɗaya tak da ta mutu don ma'aikatanta sun kasa gane kan inji.

Ba sai mun je nesa ba. Masana'antar kaɗi ta garin nan a zamanin Numeiri aka kafa ta, cikin babban shirin da aka ce zai hana Sudan sayar da ɗanyar auduga tana sayo yadi. Aka gina masaƙu a Shandi da Kosti da Duwem da Kadugli da Niyala da Mangalla, da nufin zaren da aka kaɗa a irin masana'antarmu ya ciyar da su. Sinawa suka gina masaƙar Sadaƙa a Hasahisa. Su wa suka shiga suka riƙe injinan? 'Ya'yan manoma da 'ya'yan leburori, waɗansu ko firamare ba su gama ba. Cikin 'yan watanni hannunsu ya faɗa. Yarinyar da jiya take ɗibar auduga a hawasha, wato gonar manomin Jazira, ta iya ƙulla zaren da ya tsinke alhali mazari na juyawa, ba ta ko tsayar da inji ba. Abin da ya durƙusar da masaƙun Sudan kowa ya san shi: ɗaukewar wuta, rashin kayan gyara, rashin kuɗin waje na sayo su, rashin jarin sayen auduga a ƙasar da ke noma ta, ga yadin waje mai araha da aka buɗe wa ƙofa. A cikin waɗannan wanne ne laifin mai ƙulla zare?

Danginmu na Nijeriya sun sha irin wannan. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, unguwar Kakuri ta koma kufai. A Kano, Sharaɗa da Bompai da Chalawa sun ga haka, yau Kantin Kwari cike take da atamfar Sin. Can ma ba wanda ya isa ya ce masaƙa ne suka kasa. Waɗanda suka kasa suna ofis, cikin sanyin na'ura, kuma ba a taɓa kiran taro don a ba su horo ba.

Kada a ɗauka ina gaba da sabuwar fasaha. Na san abin da take yi a masaƙun Turkiyya da Indiya da Sin. Ana kafa kyamara a kan yadi tana hango aibin da idon mutum zai tsallake bayan awa takwas a tsaye. Ana sa ma'auni a kan kowane mazari yana ƙirga sau nawa zare ya tsinke. Kwamfuta na sauraren rawar ƙarfe ta faɗi cewa nan da kwana kaza wani sashe zai lalace. Tantance darajar auduga ma, aikin da dattawa ke yi da yatsa, su ja sili su duba tsawonsa, Amurka ta mayar da shi hannun na'ura tun 1991. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake buɗe dilolin auduga, ya ga ƙura tana sauka a gashin ido da gemu har mutum ya yi furfurar ƙarya, ya ji tarin da ke bin ma'aikata har kabari, ba zai yi kuka don inji ya karɓi wannan aikin ba.

Sai dai ma'aunin da ke ƙirga tsinkewar zare shi ne kuma ke nuna layin wa ya fi tsinkewa, minti nawa wance ta yi kafin ta iso, minti nawa wane ya yi wajen sallar la'asar. Na'ura ɗaya ce. Ana iya amfani da ita a gyara inji, ana iya amfani da ita a yanke albashi. Wa zai yanke hukuncin wanne za a yi? Wannan ita ce maganar gaba ɗayanta, kuma babu kwas na sati biyu da takardar shaida mai zanen zinariya da zai amsa ta.

Kawuna ya yi shekaru yana aikin kaka a wani gidan gurza. Aikin kaka nake cewa, domin in auduga ta ƙare sai a sallame su, baɗi a sake ɗaukarsu sabbi fil, kamar ba a taɓa ganinsu ba. Ya taɓa gaya mini yadda wata rana ya ji sautin wani inji ya sauya, ƙara ce 'yar siririya a ƙarƙashin rugugin ɗakin. Ya ɗora tafin hannu a jikin murfin, ya ji ɗumin ya wuce na kullum. Ya je ya gaya wa mai duba aiki. Aka ce masa shi na wucin gadi ne, ya koma bakin aikinsa, akwai injiniya. Ba a jima ba injin ya tsaya cik, aiki ya tsaya, kwanakin da aka yi ana gyara kuwa ba a biya masu aikin yini ko sisi ba.

Na ce, "Kawu, yanzu fa an ƙera na'urar da ke jin irin abin da kuka ji."

Ya yi dariya har tarin nan ya taso masa. Ya ce, "Ɗana, ita za su saurare ta, ai da kuɗi suka saye ta."

Abin da ya fi ƙona mini rai, irin wannan sani na kawu shi ne abincin na'urar. Ba a haife ta da sanin audugar Barakat ko halin injin da ya sha ƙurar Jazira ba. Sai an zauna da tsofaffin ma'aikata an tatsi abin da ke kansu, wannan ƙara me take nufi, wannan aibi daga ina yake, a zuba mata. Su ne malamanta. Amma a takardar shiri su ne jahilan da za a wayar wa kai, kuma ranar da ta ƙoshi su za a fara nuna wa ƙofa. Wa ya yi maganar biyansu ladan koyarwa?

Wannan ma ga wanda sunansa ke cikin rajista ke nan. Mu fa? Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin Mayurno a bakin Shuɗin Nilu, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su a nan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, ƙwadagon mutanenmu na cikin abin da ya riƙe shi: yashe tur'a, wato magudanar ban-ruwa, shuka, noma, ɗibar auduga da sanyin asuba har yatsu su tsage. Ingila ta yi riga da wannan gumi. Bayan shekara ɗari, jikokinsu da yawa na zaune a kambo, wato matsugunan leburorin gona, ba takardar fili, sau da yawa ba makaranta ba asibiti, in sun je neman lambar ɗan ƙasa a ce su kawo shaidar kakan kaka. Yanzu a ce kwamfuta ce za ta tace masu neman aiki. Da me za ta tace? Da lambar ɗan ƙasa, da takardar makaranta, da tarihin aikin da aka rubuta. Wanda ya shekara ashirin yana aikin kaka ba fayil, a wurinta bai taɓa aiki ba. Da can in ma'aikacin ofis ya hana ka, kana iya kallon idonsa, ka kawo dattijo ya yi maka magana. Na'ura ba ta jin kunyar dattijo. Kamfanin Amazon da kansa, da duk injiniyoyinsa, ya jingine wata manhajar tace masu neman aiki, kamar yadda aka ruwaito a 2018, domin ta koyi rage wa mata maki daga tsofaffin takardun da aka ciyar da ita. To me za ta koya daga takardun Jazira?

Kuma kada wani ya ce ina tono tsohon ciwo. A 2022 an kashe Hausawa an ƙone musu gidaje a Rusairis da Wad al-Mahi kan maganar wa ke da ƙasa. Dakarun RSF sun shekara guda suna riƙe da jihar nan, suka wawashe gari da ƙauye, taraktoci da famfuna da rumbuna. Da suka fita, maimakon mutanen kambo su huta sai aka bi su da zargin haɗin baki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta cewa a ranar 10 ga Janairun 2025 mayaƙan Dir'us Sudan, masu mara wa soja baya, sun kashe aƙalla mutum 26 a kambon Tayba. Mutumin da ba a gama yarda cewa ɗan ƙasa ne ba, shi za a ce an sa a gaba a masana'anta?

Turawan da aka aro maganar sa mutum a gaba daga bakinsu ba da fatar baki suka tsaya ba. A Jamus majalisar ma'aikata ta cikin kamfani tana da ta cewa kafin a kafa na'urar da ke iya sa ido kan ma'aikaci, kuma tun 2021 doka ta ba ta damar ɗauko masani ya duba mata duk tsarin ƙirƙirarriyar basira da mai kamfani ke son kawowa. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta wajabta wa mai kamfani ya sanar da ma'aikata da wakilansu kafin ya ɗora musu irin tsarin da ke yanke hukunci a kansu. Ba don masu kuɗin can sun fi namu tausayi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago ne ke da haƙora.

Mu ma mun taɓa yin haƙoran. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara sun tilasta wa Turawan mulki amincewa da ƙungiyarsu a 1947, manoman Jazira sun yi yajin aiki a 1946. Sai aka bi su ana fasawa. Bashir ya rushe ƙungiyoyi a 1989, ya kori dubbai da sunan maslahar jama'a, ya kafa nasa 'yan amshin shata. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta rushe waɗannan a 2019 ba ta kai ga kafa sabuwar doka ba, Janar Burhan kuma ya dakatar da ayyukan ƙungiyoyi a Nuwamban 2022. A tsakani aka yi Dokar Jazira ta 2005, wadda bayanta aka sallami dubban ma'aikatan aikin noman, aka rabu da gidajen gurza, ƙaramin layin dogon da ke kwasar auduga zuwa Marinjan da Hasahisa aka tumɓuke shi aka sayar da ƙarfen. An tambayi ma'aikaci ko ɗaya? A 2012 aka kawo irin audugar da aka sauya wa halitta daga Sin, an tambayi mai ɗiba? Kullum sai an gama yanke shawara ake tuna cewa akwai mutanen da za a "shirya".

Ga kuma abin dariya, in da abin na dariya ne. Yaran da za su shiga waɗannan masana'antu nan da shekara biyar, yawancinsu tun Afrilun 2023 karatunsu ya watse. A Fabrairun 2024 an yanke layukan waya a yawancin ƙasar, mutane na biyan kuɗi a rumfar Starlink don su samu a turo musu na abinci ta manhajar Bankak. Jirage marasa matuƙa sun sha kai wa tashar wutar Marawi hari a 2025, jihohi suka kwana cikin duhu. Jami'ar Jazira, wadda ta yi suna wajen koyar da fasahar saƙa, ita ma ba ta tsira daga wawaso ba. Duk mai son shirya ma'aikacin gobe da gaske, ga aiki nan jibge: ya buɗe firamare a kambo, ya tayar da makarantun sana'a, ya kawo wuta mai tsayawa. Amma wannan ba ya ɗaukar hoto mai kyau irin na taron otal.

Saboda haka ni a ganina a juya teburin. Mai jarin da zai zo, daga Turkiyya yake ko Masar ko ƙasashen Larabawa ko ɗan gida ne, shi za a fara zaunar wa a karantar. Ya koyi cewa ba a kafa ido a kan ma'aikaci sai da saninsa da yardar ƙungiyarsa, ƙungiyar da ma'aikata suka zaɓa da kansu. Ya koyi cewa na'ura ba ta korar mutum, ba ta yanke masa albashi, sai wani mai suna da fuska ya sa hannu, wanda za a iya kai ƙararsa. Ya koyi cewa mai aikin kaka ma'aikaci ne, a rubuta shekarunsa, kuma rashin lambar ɗan ƙasa matsalar hukuma ce da za ta warware, ba dalilin rufe wa mutum ƙofa ba. In injin zai rage hannu ɗari zuwa talatin, a faɗa tun kafin a sauke shi daga mota, a faɗi inda saba'in za su nufa.

Ku kuma 'yan'uwana na Hajj Abdalla da kambunan da ke kewaye, in an zo rubuta sunayen masu son horo, ku rubuta, ku tura 'yan mata ma, kada a bar mu a baya a wannan kuma. Amma kafin kowa ya buɗe baki ya koya wa na'urarsu abin da ya sani, ku tambaya wa zai riƙe bayanan da za ta tara a kanku, mutum nawa za a ɗauka dindindin, nawa ne ladan tsofaffin da za su koyar da ita. Ku ce a rubuce kuke so, da sa hannu da hatimi, kofi ɗaya a hannun ƙungiya. In suka ce sai sun tuntuɓi na sama, ku ce su je su tuntuɓa.