Nasiha ga Mai Neman Rancen Gida, da Kira ga Ƙananan Hukumomin Boɗinga da Shagari

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imar matsuguni, wadda ba mai sanin girmanta sai wanda damina ta iske cikin ɗakin haya mai yoyo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Boɗinga da Shagari, ku sani abin da ya sa munka rubuta wagga takarda tambaya ce da ta yawaita ga bakin samari masu iyali, malamin firamare da ma'aikacin asibiti da ɗan tireda. Kowa shina cewa gidan gado ya cika, kuɗin haya ya hau, siminti da kwano sun fi ƙarfin albashi. Shin in na kai takardar neman rance ga ƙaramar hukuma domin in sayi gida ko in gina, za a ba ni? In kuma an ba ni, ya halatta in karɓa? Jawabinmu shi ne: ƙaramar hukuma tana da hannu babba cikin wanga al'amari, kuma ya wajaba ta buɗe wa talakawanta ƙofar mallakar gida wadda babu riba cikinta, amma da sharaɗi mai nema shi san abin da shike nema, shi rubuta shi, shi kuma biya.

Fasali na farko, cikin bayanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa

Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da sanya wa hanyoyi suna, da yi wa gidaje lamba, da rubuta haihuwa da mutuwa da aure, da taimakawa ga makarantun firamare da sha'anin lafiya da noma. Ba a ambaci bayar da rancen gida cikinsu ba. Asusun da gwamnati ta keɓe domin wanga aiki na tarayya ne. An kafa shi da doka a 1992, anka sanya shi hannun bankin tarayya na rancen gidaje, wanda asalinsa wata ƙungiyar gine-gine ce ta 1956, anka mayar da ita banki a 1977. Ƙa'idarsa ita ce ma'aikaci shi riƙa zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na albashinsa kowane wata; in ya cika wata 6 shina zubawa, ya sami damar neman rance, shi biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba, da ƙarin kashi 6 cikin 100 a shekara. Saboda haka duk ma'aikaci shi duba takardar albashinsa, in ana yanke masa wanga kaso shi nemi lambarsa, shi san abin da ya tara, domin haƙƙinsa ne, kuma ana mayar wa wanda ya yi ritaya abin da ya zuba.

To, ina hannun ƙaramar hukuma? Shina ga ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana hannun gwamna. Wuraren da gwamna ya ayyana su birni ne, takardar mallaka daga gare shi take fitowa, kuma ba a jinginar da ita sai da yardarsa. Sauran wurare kuwa, ƙaramar hukuma ita ce ke ba da izinin zama na gargajiya, na noma ko na gina gida, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarta. Mai ba da rance ba shi kallon tsawon gemu ko kyawun asali, takarda shike nema wadda za shi riƙe jingina. Mutum shina zaune gidan da kakansa ya gina, gari duka ya shaida nasa ne, amma ga idon banki ba shi da ko turke. Wannan ita ce ƙofar da ta rufe ga mafi yawan mutanen karkara, kuma mabuɗinta na farko shina sakatariyar ƙaramar hukuma.

Kada wani shi ce sha'anin fili da iyaka baƙon abu ne ga malamai. Shehu Usmanu, Allah shi jiƙansa, ya zauna Sifawa shekaru kafin shi koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. Malam Abdullahi shina da littafi sukutum, Ta'alimur Radi, bisa dalilan da ke sa mutum shi keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. In wanda ya zauna garinmu ya ga wagga mas'ala ta cancanci littafi, mu ba mu da uzurin barin ta ga dillalai.

Fasali na biyu, cikin lissafi da hukunci

Almajirai su ɗauki alƙalami. Mutum ya ranci naira 3,000,000 bisa kashi 6 cikin 100, za shi biya cikin shekara 20. Kowane wata za shi ba da kusan naira 21,500. In shekarun sun cika ya biya sama da naira 5,150,000, wato ƙarin ya haura miliyan 2. Mafi ƙarancin albashi da dokar 2024 ta yanka naira 70,000 ne, kuma ƙa'idar masu ba da rance ita ce biyan wata kada shi wuce sulusin abin da mutum ke samu. Sulusin 70,000 bai kai 23,500 ba. Ashe ƙaramin ma'aikaci da ƙyar shike kai wa ga miliyan 3, alhali shekara 20 na rayuwarsa sun shiga jingina. Manomi da magini da mai awo kuwa, waɗanda ba su da takardar albashi, nasu ya fi wuya.

Wannan ta fuskar aljihu ke nan. Ta fuskar shari'a kuwa, babu saɓani cikin mazhabarmu cewa rancen da anka sharɗanta ƙari cikinsa riba ne, ƙarin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ƙarshen Suratul Baƙara ya tattara wagga mas'ala wuri guda: halaccin ciniki, da haramcin riba, da jinkirta wa wanda ya shiga ƙunci, da rubuta bashi da kafa shaidu cikin aya mafi tsawo ta Alƙur'ani, sa'an nan jingina. Mai tsoron Allah da yawa ya haƙura da gida saboda wanga dalili, ya tsufa cikin haya. Muna ganin bai dace a bar shi tsakanin riba da haya ba, alhali akwai hanya ta uku.

In an ce, to, hukuma ta ba da rance tsantsa, naira da naira, babu ƙari, sai mu ce wannan shi ne mafi lada, amma ku duba abin da zai biyo baya. A 2024 tsadar kaya ta hau sama da kashi 30 cikin 100 cikin shekara guda. Asusun da ya ranta kuɗin buhun siminti 100 yau, in an mayar masa da su bayan shekara 10, watakila ba su sayi 30 ba. Na farko ya gina, na goma ya iske rumbu wayam. Rance tsantsa ya dace ga abu kaɗan na gajeren lokaci, kamar gyaran rufi kafin damina. Gina gida ko sayensa shina bukatar wata dabara.

Dabarar ita ce ciniki. Ya halatta a sayar da kaya da kuɗi ajali, ko da sun ɗara farashin hannu da hannu, matuƙar an yanke farashi guda da ajali sananne a zaman ciniki, kuma ba a ƙara kome in biya ya yi jinkiri. Sai dai malaman Malikiyya sun yi tsanani ga surar da mutum zai ce wa mai kuɗi, sayo mini kaza da goma, ni in saya gare ka da sha biyu ajali, domin sun ga wannan rance ne da anka sa wa rigar ciniki. Bankunan da ba su cin riba, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, suna da malamansu masu duba irin waɗanga mas'aloli, kuma akwai saɓani sananne. Abin da ya fi kuɓuta daga shubuha shi ne asusun shi mallaki kayan da gaske tun kafin mai nema shi zo: siminti da kwano da katako da bulo su kasance cikin sito, in sun lalace hasararsa ce, sa'an nan shi sayar. Haka nan in gida ne ginanne, asusun shi mallake shi tukuna, sa'an nan shi sayar da shi ajali.

Fasali na uku, cikin abin da muke roƙon hukumomin biyu

Na ɗaya, a sauƙaƙa takardar fili. A liƙa kuɗinta da kwanakin fitarta jikin bango, da boko da ajami, a ba da rasit ga kowace naira, a kuma aika ma'auna ƙasa zuwa Sifawa da Kajiji da Lambara da Dandin Mahe, maimakon a jira talaka shi yi ta sintiri. Wanga aiki ba shi bukatar miliyoyi, niyya shike bukata.

Na biyu, a kafa asusun kayan gini mai juyawa, a fara da kaɗan, ajalinsa shekara 3 zuwa 5. Mutanenmu ba su saba gina gida rana ɗaya ba: bana katanga da ɗaki guda, baɗi zaure, shekara ta uku rufi. A bi wagga al'ada. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya shi riƙa zuwa hannunsu kai tsaye. Yanke hukunci daban, zartar da shi daban, amma ya kamata tun yanzu a tsara inda za a sa kuɗin, kada su ƙare ga bukukuwa.

Na uku, a sa amintattu bisa asusun: malami masanin fiƙihun ciniki, da magini, da wakilin ma'aikata, da wakilin 'yan kasuwa, da wakiliyar mata, domin gwauruwa mai marayu ta fi kowa bukatar rufi. A riƙa karanta lissafinsa a fili sau biyu a shekara, a bi jerin wanda ya riga nema, ba a duba jam'iyya ba.

In an ce ba a taɓa ganin ƙaramar hukuma ta yi haka ba, sai mu ce an gani. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, ƙananan hukumomi suna ba mai sayen gida na farko rance har kashi 90 cikin 100 na kuɗin gidan, in ya nuna masu ba da rance biyu sun kasa ba shi abin da zai ishe shi. Nasu akwai riba, ba mu kwaikwayonsa nan. Abin ɗauka shi ne hukumar da ta fi kusa da mutum ita ta fi sanin halinsa. Kuma ba sai mun ƙetare teku ba. Alhaji Shehu Shagari, ɗan wagga ƙasa, malamin makaranta, da ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya ƙudura gina gidaje 2,000 kowace jiha kowace shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba a kai ga adadin ba, amma har yau garuruwa da yawa suna da unguwar da ake kira da sunansa. Abin kunya ne a ce tunanin ya fito daga nan, sa'an nan nan ɗin ne anka manta da shi.

Fasali na huɗu, cikin abin da ke kan mai nema

Ya kai ɗan'uwa, kafin ka kai takarda ko'ina, ka tambaya filin ko gidan ƙarƙashin wa shike, gwamna ko ƙaramar hukuma. Ka je ga mai unguwa da dagaci ka ji tarihinsa. In gidan gado ne, kada ka miƙa ko kwabo sai ka ga an raba, magada maza da mata sun sa hannu, domin wanda ya sayi rabon da ba a ware ba, abokin tarayya shina da haƙƙin shuf'a, ya iya mayar masa da kuɗinsa shi karɓe rabon. Ka rubuta ciniki, ka ambaci iyakoki huɗu, ka kafa shaidu biyu adilai, ka ajiye kwafi wurin da gara da ruwa ba su kai. Kada ka ba kowa na goro domin shi tura takardarka gaba, kada kuma ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka: ɗaki biyu naka sun fi bene na masu binka bashi.

Mafi girma duka, ka biya. Cuta ta shiga zukatanmu, cewa duk abin da ya fito daga hukuma ganima ce. Wanda ya ci asusun ya ƙi biya alhali shina da hali, ba gwamnati ya cuta ba, maƙwabcinsa ya cuta wanda ke jiran zagayensa. Matanmu na cikin gida sun riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da ɗan sanda ba, domin kowace ta san in ta ƙi zubi ta kashe kwasar 'yar'uwarta. Asusun gida adashi ne na gari duka. Wanda ƙunci na gaskiya ya sama, a jinkirta masa kamar yadda anka umurta. Wanda ya yi taurin bashi, a kai shi gaban alƙali ko ɗan wane ne.

Muna roƙon limamai su ambaci wagga magana cikin huɗuba, malaman zaure su tsaya ga babin ciniki da jingina na Risala su buga misali da siminti da kwano, almajirai kuma su karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wanda ke da hujja da ta saɓa wa tamu shi rubuto, za mu buga ta yadda ta zo, domin gaskiya muke nema.

Allah shi rufa mana asiri, shi ba kowane mai iyali ƙofar da zai rufe da dare tasa ta kansa, ta halal. Haza wasalam.