DARASIN GIDA: Jera Kiɗa a Kwamfuta, Mu Auna Kafin Mu Saya

A wannan wata za mu tattauna a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba sallama, watau haɗa kiɗa a cikin kwamfuta. Yara ne su ka san shi, iyaye kuwa su ne masu biyan kuɗin.

Ga abin da ya kawo maganar. Ana saura mako uku bikin rufe makaranta, wani dattijo ya same mu bayan an tashi. Ɗansa tsohon ɗalibinmu ne, shi mu ka ba aikin shirya kiɗan da yara za su yi waƙa a kai. Dattijon ya ce, "Malam, yaron nan ya hana ni barci. Wai kwamfutar da yayarsa ta bar masa ta tsufa, in ya taɓa fiyano sai daga baya sauti ya ke fita. Ya ce lalle sai an sayi sabuwa. Ni kuwa buhun masara huɗu su ka rage mini, su na ke tanadi domin kuɗin makarantar ƙannensa." Mu ka ce, "Baba, kada ka sayar da ko mudu ɗaya tukuna. A kawo mana ita gobe." Da aka kawo ta, abu biyu kawai mu ka sāke a cikin manhajar, jinkirin ya tafi. Masara ta zauna a rumbu.

Tun daga ranar mu ka ga ya kamata mu rubuta wannan darasi. Yawancin cututtukan nan ba tsufan inji ba ne, rashin sanin yadda a ke saita shi ne.

MENE NE AIKIN MANHAJAR?

Ku tuna da takardar da mai koyar da waƙa ya kan rubuta do, re, mi a kai. Takardar ba ta da murya. Tana faɗa wa mawaƙi abin da zai rera ne, da lokacin da zai rera shi. Haka manhajar jera kiɗa ta ke. Sa'ad da yaro ya danna maɓallin fiyano, ba sauti ta ke rubutawa ba, umarni ne: wane maɓalli aka taɓa, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Daga baya sai ta miƙa umarnin ga fiyano, ko ga wani kayan kiɗa da ke cikin kwamfutar, shi ne zai ba da sauti.

Harshen da a ke wannan umarni da shi sunansa MIDI. An nuna shi a fili a watan Janairu na 1983 a Amurka, inda aka haɗa kayan kiɗa na kamfani biyu dabam, Prophet-600 da Jupiter-6, ɗaya ya kaɗa ɗaya. Mutum biyu ne kan gaba a aikin, Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Japan, an kuwa ba su lambar yabo ta Grammy saboda shi a 2013. MIDI yana da hanya 16 a waya guda. Kowane sauti yana da lamba daga 0 zuwa 127, maɓallin C na tsakiyar fiyano shi ne 60.

A 1985 aka fito da kwamfutar gida mai suna Atari ST, wadda ta zo da kafar MIDI a jikinta. A kanta ne kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da Cubase a 1989. Mu lura da wannan. Injin nan bai kai ƙarfin wayar hannun da ke aljihunmu yau ba, ko kusa, duk da haka an shirya kiɗan faifai masu yawa da shi. Jera kiɗa ba shi ne ke gajiyar da kwamfuta ba. Abin da ke gajiyar da ita shi ne tarin kayan sauti da a ke ɗora mata.

WACE ZA MU ZAƁA?

Kafin a sa kowace manhaja, iyali su zauna su amsa tambaya uku. Wace irin kwamfuta ke gare mu? Kiɗa kaɗai za a yi, ko har da ɗaukar murya? Nawa za mu iya biya ba tare da tukunya ta ji a jikinta ba?

In kwamfutar Apple ce, ba wahala. GarageBand, wadda ta fito a 2004, kyauta ce ga masu irin wannan inji, ta kuwa isa mai koyo.

In ta Windows ce, kuma ba kuɗi, akwai LMMS. Kyauta ce ta halal, tana aiki har a kan Linux. An gina ta domin jera kiɗa, ba domin ɗaukar murya ba. Saboda haka a kan haɗa ta da Audacity, ita ma kyauta. Audacity tana ɗaukar murya da kyau, amma ba manhajar jera kiɗa ba ce. Mutane da dama sun ɓata lokaci suna neman abin da ba ta da shi.

In injin ba shi da ƙarfi sosai, kuma ana son kiɗa da murya wuri ɗaya, a duba Reaper, wadda ta fito a 2006. Ba ta da nauyi. Ana gwada ta cikakkiya har kwana 60, bayan haka mai aikin gida ya biya dala 60. Sai dai ba ta zuwa da kayan kiɗa masu yawa, dole a nemo su a ƙara.

Wadda samari su ka fi ambata ita ce FL Studio, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam. Da sunanta FruityLoops, aka sāke shi a 2003. Wanda ya saya sau ɗaya, duk sabon fitowa kyauta zai samu. Amma a san abu biyu. Ta gwaji tana barin mutum ya ajiye aikinsa, ba ta barinsa ya sāke buɗe shi sai ya biya. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Na biyu, ajinta mafi araha, mai suna Fruity, domin jera kiɗa ne, ba domin ɗaukar murya ba. A karanta da kyau kafin a biya.

Har wa yau a duba kwalin da fiyano ko akwatin sauti ya zo a ciki. Waɗansu su kan zo da takardar izinin ƙaramar Cubase ko Ableton Live Lite. Sau da yawa a kan yar da takardar tare da kwali.

Shawararmu ita ce a zaɓi ɗaya, a zauna a kanta wata shida. Yaron da ke sāke manhaja kowane mako ba ya ƙare waƙa ko ɗaya.

CUTA BIYAR DA MAGANINSU

Ta fari, jinkiri. Ita ce ta kusa cinye masarar dattijon nan. Kwamfuta ba ta zuba sauti kai tsaye, tana tara shi a wani ɗan ma'aji tukuna. A allo za a ga an rubuta Buffer. Misalinsa ɗiban ruwa ne. Babban bokiti yana daɗewa bai cika ba, amma sawu kaɗan ne. Moɗa tana cika nan take, amma mai ɗiba zai yi ta kai da kawowa har ya gaji. A kan yanka sakan ɗaya na sauti gida 44,100. In ma'ajin yana kan 2048, jiran ya kai kashi 46 cikin dubu na sakan, hannu kuwa yana jin wannan. In aka mai da shi 256, jiran bai kai kashi 6 ba. Na yaron nan yana kan 2048. Abu na biyu da mu ka sāke shi ne direban sauti. A kan Windows a zaɓi direba irin na ASIO. In akwatin sauti bai zo da nasa ba, akwai ASIO4ALL, kyauta. Kada kuma a kaɗa da lasifika ko abin kunne na Bluetooth, gama su ma suna da nasu jinkiri wanda saiti ba ya cirewa.

Ta biyu, sauti yana tsattsagewa kamar ana soya gyaɗa. Wannan kishiyar ta fari ce: moɗar ta yi ƙanƙanta, mai ɗiba ya gaji. A ɗaga ma'ajin zuwa 512 ko 1024. Ka'idar ita ce ƙarami lokacin kaɗawa, babba lokacin saurare da gyara. A rufe intanet da sauran manhajoji. A sa caja, gama kwamfutar tafi-da-gidanka ta kan rage ƙarfinta in tana kan batir. In kuwa wani gurnani ne ke fita a lasifika, a zare caja a saurara. In ya ɗauke, laifin daga wuta ne ko janareta, ba daga manhaja ba.

Ta uku, shiru. Kada a firgita. A bi sawu daga hannu zuwa kunne. Yawancin manhajoji suna da 'yar fitila da ke ƙyaftawa in umarni ya shigo. In ba ta ƙyafta ba, matsalar tana tsakanin fiyano da kwamfuta. A kan fiyano irin na Yamaha, kafar da aka rubuta USB TO HOST ita ce ta kwamfuta. In wayar MIDI ce mai kai biyu, OUT na fiyano ya kan tafi IN na ɗaya gefen. In ba a gane ba, a juya su, ba abin da zai ƙone. A kunna fiyano kafin a buɗe manhaja, a kuma rufe duk wata manhajar kiɗa da ke buɗe, domin wani lokaci ta farko ta kan riƙe fiyanon ta hana ta biyu. In kuwa fitila tana ƙyaftawa amma ba sauti, to, ba a ɗora wa layin kayan kiɗa ba ne. Takardar do, re, mi ce ba mawaƙi.

Ta huɗu, sauti biyu-biyu ko baƙon sauti. In kowane maɓalli yana fita sau biyu, fiyanon yana kaɗa kansa ne, manhaja kuma tana sāke kaɗa shi. A nemi Local Control a cikin fiyano a kashe. In an taɓa maɓalli sai ganga ta amsa, an hau hanya ta 10 ne. Bisa ga tsarin General MIDI na 1991, an keɓe wannan hanya domin ganguna. A koma ta 1.

Ta biyar ba ta inji ba ce, ta kunne ce. Akwai umarni mai suna Quantize, wanda ke jawo kowane bugu zuwa layi mafi kusa. Yawancin manhajoji suna zuwa ne da layin da ya raba bugu gida biyu ko huɗu. Kiɗe-kiɗenmu da yawa kuwa gida uku su ke rabawa. In aka matsa su cikin gida huɗu, sai kiɗan rawa ya koma tafiyar soja. A zaɓi layin da aka rubuta 1/8T, ko a bar hannun yaro yadda ya kaɗa. Kuma cikin kayan kiɗa 128 na General MIDI babu kalangu. Mai son kalangu ya kira makaɗi, ya sa masa makirfo. Ba maɓallin da ya iya matsa tsarkiya.

ARAHA BA TA ADO

Labarin yaron nan bai ƙare nan ba. Ana saura kwana huɗu biki, ya zo da sassafe idonsa ja. Ashe manhajar da ya ke aiki da ita kofen sata ce, wani mai shago ya zuba masa a kan kuɗi kaɗan, tare da ita kuma ƙwayar cuta ta shiga injin. Aka ɗauke wuta yana cikin ajiye aiki, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Ba shi da wani kofe a ko'ina. Waƙa biyar, aikin mako shida, su ka tafi. Mu ka wanke kwamfutar, mu ka sa ta kyauta, mu ka yi dare uku tare da shi. Waƙa biyu kaɗai mu ka iya maidowa. Sauran ukun da tafi da ganga yara su ka yi su. Mu ma muna da namu laifi, gama ranar da mu ka gyara jinkiri ba mu tambayi inda manhajar ta fito ba.

Iyaye, ku yi wannan tambaya. Ba za mu koya wa yaro a gida cewa kada ya ɗauki abin wani ba, sa'an nan mu ba shi kuɗi ya je a zuba masa kayan sata. Tun da akwai na kyauta na halal, ba mu da hujja.

Ku kuma yara, ku riƙe al'ada uku. Ku ajiye aiki kowane minti goma. Ku ba shi sabon suna kowace rana, domin in na yau ya lalace na jiya yana nan. Duk ranar da aka ƙare waƙa, a fitar da ita a fayil ɗin sauti da na MIDI, a zuba a filashi, a ba Mama ta ajiye a akwatinta. Fayil ɗin MIDI ƙarami ne ƙwarai, kuma kusan kowace manhajar jera kiɗa tana buɗe shi.

In ɗanku ya zo muku da maganar sabuwar kwamfuta, ku zaunar da shi ku bi cututtukan nan biyar tare, ɗaya bayan ɗaya. In duk an bi ba a dace ba, sa'an nan a yi maganar kasuwa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke ɗaukar muryar yara da yawa da makirfo guda.