Hoton Abin da Muka Saba Gani

Yara, a zamanin nan ɗaukar hoto ba wuya. A Kankiya da Kusada gidaje da yawa akwai mai wayar hannu wadda ta ke ɗaukar hoto. Har akwai samari waɗanda abin ya shiga ransu, su kan ɗauki hotuna don sha'awa, su nuna wa juna, su aika wa 'yan'uwansu da ke Kano ko Legas. Wannan abu ne mai kyau. Amma in ka zauna kusa da su, galibi hirar kyamara za ka ji. Wannan ya ce tasa ta fi tsada, wancan ya ce tasa ta fi hango nesa. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin tambaya shi ne, me aka ɗauka, wa kuma zai amfana da shi nan gaba?

Bari mu fara da yadda hoto ya ke samuwa. Kyamara akwati ce mai duhu, da 'yar kafa a gaba wadda aka sa wa gilashi. In aka danna, kafar ta kan buɗe ta rufe kamar ƙiftawar ido. Hasken da ya shiga shi ya ke zana sifar abin da ke gabanta. Da a kan fim ya ke zanawa, sa'an nan a kai ɗaki mai duhu a wanke. Yanzu kuwa wani ɗan allo mai jin haske ya ke karɓa, wayar ta adana. Kun ga ashe haske shi ne babban jarin mai hoto, shi kuwa ba a sayensa a kanti.

Hoton da ya fi kowane daɗewa a cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara, wani mutumin Faransa ne mai suna Niepce ya ɗauke shi wajen 1826. Rufin ɗakuna ne kawai da ya ke hangowa ta tagar gidansa. Sai da akwatinsa ta yi sa'o'i da yawa a buɗe, hoton kuma ya fito dishi-dishi. Wayar da ta fi kowace arha a kasuwar Kankiya za ta fi shi fitar da hoto. Duk da haka yana nan ajiye a wata jami'a a Amurka, mutane na zuwa kallonsa.

Mu dawo gida. Ku tambayi kakanninku labarin dalar gyaɗa ta Kano. A shekarun 1950 da 1960 a kan jera buhunan gyaɗa bisa juna har su yi tsini kamar dutse, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa bakin teku. Mutanen lokacin sun saba ganinsu, ba wanda ya zaci za su ɓace. Yau babu ko ɗaya. Ba domin waɗansu sun ɗauki hotonsu ba, da sai dai ku ji a baki. Gani kuwa ya kori ji.

Akwai kuma wani mai hoto ɗan ƙasarmu, sunansa Okhai Ojeikere. A 1968 ya fara bin kitson matan Nijeriya yana ɗauka, har ya tara hotuna wajen dubu. Kitso abu ne da kowa ke gani kullum, amma salonsa ya kan canza, na bara ya shuɗe a manta da shi. Ojeikere ya rasu a 2014, hotunansa kuwa an nuna su har a ƙasashen Turai.

To, a Kankiya da Kusada fa? Mu ma muna da abubuwan da ke shuɗewa a gaban idonmu. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa daga gidaje da yawa. Kwano yana maye gurbin jinka, babur yana maye gurbin jaki, tulun ƙasa kuma jarka ta fara ture shi. Saboda haka maƙeri a maƙerarsa, da manomi mai huɗa da shanu, da rumbun gero bayan kaka, da almajirai masu karatun allo da dare a bakin wuta, duk sun cancanci hoto. Jikokinku za su so su gan su.

Wani zai ce ai babbar kyamara ta fi fitar da hoto sarai. Gaskiya ne, musamman da dare, ko in abin yana nesa. Amma wanda ya zauna jiran kuɗinta, kafin ya samu watakila tsohon maƙerin ya daina ƙira. Ƙaramar ma ta isa in an bi ƙa'ida. Ka ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayanka. Ka matsa kusa, ka riƙe hannunka kada ya yi rawa. Lokacin hunturu ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi, domin ƙura ta kan dushe hoto.

Sauran ladabi. Kada ka ɗauki mutum sai da izininsa, in ya ƙi ka haƙura. Kada ka shiga gidan mutane da kyamara ba da sanin maigida ba. Kada kuma ka ɗauki wanda ke cikin wahala don a yi masa dariya. Hoton da aka sa a intanet kamar zarar bunu ne, ba ya komawa.

In ka ɗauka, ka rubuta sunan garin, da shekarar, da abin da a ke yi a ciki. Hoton da ba bayani, bayan shekara ashirin ba mai sanin ko na ina ne. Waɗanda suka fi kyau a wanke su a takarda, gama waya ta kan faɗa ruwa, ko ta ɓace da duk abin da ke cikinta.

Ga shawara ga ajinku. Ku zaɓi sana'a ɗaya ta garinku, ku tafi tare da malaminku, ku gai da mai sana'ar, ku nemi izini, ku ɗauki hoto biyu ko uku. Ku liƙa su a littafi, ku rubuta abin da ya gaya muku a ƙarƙashinsu, ku ba makaranta ajiya domin ƙannenku.

Tambayoyi

1. Mene ne ya ke zana hoto a cikin kyamara?
2. Ta yaya mu ke sanin kamannin dalar gyaɗa a yau?
3. Don me ya kamata a nemi izini kafin a ɗauki mutum?
4. Faɗi abu uku na garinku da ka ke so jikokinka su gani.