Mai saida injin ƙyanƙyasa, faɗa wa mai saye gaskiya

Wata mata ta kira mu a gidan rediyo, murya na rawa. Ta sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa a kasuwar kan iyaka, ta zuba ƙwai 60, ta yi kwana 21 tana gadi, ko tsako guda bai fito ba. Ashe ƙwan kajin gona ta zuba, kajin da ba su taɓa ganin zakara ba. Irin wannan ƙwai ko wata nawa ya yi cikin inji, ɓarawa zai yi.

Ni dai laifin na ɗora shi kan wanda ya amshi kuɗinta ya yi shiru. Ƴan uwa ƴan kasuwa, daga Ƙonni har Magariya, me zai rage ku in kun ce mata ta nemi ƙwan kazar da ke tare da zakara, wanda bai wuce kwana 7 ba? Ku gaya mata zafin inji ya tsaya 37 da rabi, a riƙa juya ƙwai har kwana na 18. Ku tambaye ta ma, in an ɗauke wuta da dare, da me za ta riƙe ɗumin?

Tsakon da ya fito ba ƙarfi kuwa, kada a yi gaggawar ɗura masa tsaki, gwaiduwar cikinsa ta ishe shi yinin farko. Ɗumi yake so, da ruwa mai ɗan sukari a tsoma masa baki.

Matar nan kuɗin adashinta ta zuba. Ta ce ta koma wa kazarta mai kwanci.