Ra'ayinmu: Ginin Manhaja Ba Ya Wuce Tsarin Magina

Ran 4 ga watan Yuni, 1996, ƙasashen Turai suka harba sabuwar rokarsu mai suna Ariane 5 daga Kourou. Bayan kamar sakan 40 sai ta kauce hanya, ta tarwatse a sama tare da taurarin ɗan'adam guda 4 da take ɗauke da su. Kwamitin bincike, a ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions, ya gano cewa an ɗauko manhajar tsohuwar roka, Ariane 4, an ɗora wa sabuwar ba tare da an gwada ta da irin gudun sabuwar ba. Wata lamba mai gurbi 64 ta ƙi shiga mazubi mai gurbi 16, na'urar da ke nuna wa rokar hanya ta tsaya. Akwai na'ura ta biyu da aka tanada don ko-ta-kwana, amma da yake manhajarsu ɗaya ce, cuta ɗaya ta kayar da su duka.

Wannan mujalla tana ganin laifin ya fi ƙarfin kuskuren marubuci guda. Rauni ne a tsarin ginin manhajar, wato yadda aka rarraba sassanta aka kuma haɗa su, kuma raunin ya samo asali ne daga hanyar aiki: an yi ta bita, amma ba wanda aka ɗora wa nauyin ya tuhumi abin da aka gada.

Dubi kuma kumbon Amurka, Space Shuttle, wanda ya fara tashi a 1981. Kwamfutoci 4 suna gudanar da manhajar da kamfanin IBM ya rubuta, suna duba juna, ta biyar kuwa tana ɗauke da wata dabam da kamfanin Rockwell ya shirya, don kada kuskure ɗaya ya cinye su gaba ɗaya. Irin wannan gini yana fitowa ne daga wurin da aka saba rubuta bukatu tun farko, a tantance zane kafin a fara rubutu, a kuma bi kowane kuskure har gindinsa. Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa duk abin da ƙungiya ta ƙera, kamannin hanyoyin sadarwarta yake ɗauka.

Amma fa tulin takardu da sa hannu ba su ne gyaran aiki ba, domin Ariane 5 ma ba ta rasa su ba. Gyara na gaskiya shi ne ƙaramin ma'aikaci ya sami bakin tambaya, a kuma saurare shi.

To, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe ku ne za ku rubuta manhaja ko ku karɓe ta a madadin jama'a. Kada ku tsaya ga cewa tana aiki yau. Ku tambayi wanda ya duba zanenta, da irin gwajin da aka yi mata, da abin da zai faru in wani sashe ya faɗi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.